BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: YADDA AKE SHIRYA JIKI DOMIN HAWAN DOGON DUTSE

Wannan jawabi ne da Editan jaridarmu ya gabatar a taron samari da manoma masu sha'awar motsa jiki. Mun buga shi gaba ɗaya domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



An nemi in yi magana a kan hawan dutse. Na san wani zai ce a ransa, "Mu da muke kwana muna tashi a gindin duwatsu, wa zai koya mana hawan dutse?" Yana da gaskiya. Amma dutse suna ya tara. Akwai wanda yaro zai hau ya sauko kafin tuwo ya huce. Akwai kuma wanda sai an kwana shida ko bakwai ana tafiya kafin a taka ƙololuwarsa. A kan irin na biyun zan yi magana.

Abu biyu nake so ku tafi da su gida. Na farko, jikin da zai hau dogon dutse tun a gida ake shirya shi, wata uku kafin tafiya. Na biyu, kome ƙarfin da ka tara, idan ka isa can sai ka bi a hankali. Dutse ba ya son gaggawa.

WANE DUTSE MUKE NUFI?

Bari mu ɗauki misali da babban yayan duwatsun Afirka, wato Kilimanjaro. Yana ƙasar Tanzaniya, kusa da garin Moshi. Tsawonsa mita 5,895 ne daga bakin teku. Mita ɗaya ta ɗara yadi ɗaya kaɗan. Idan kana son ka gane wannan tsawo, tuna da filin ƙwallo. A ce an miƙar da filin ƙwallo tsaye, an ɗora wani a kansa, an ɗora wani, sai an jera wajen 59 kafin a kai kan wannan dutse. Yana cikin ƙasa mai zafi irin tamu, amma akwai ƙanƙara a kansa.

Mutanen farko da tarihi ya rubuta sun kai ƙololuwarsa su ne Hans Meyer, mutumin Jamus, da Ludwig Purtscheller, mutumin Ostiriya, tare da taimakon 'yan ƙasa masu jagora da dako. Sun kai ne a watan Oktoba na 1889. Ku lura, wannan shi ne zuwan Meyer na uku. A 1887 ya gwada, ƙanƙara ta maido shi. A 1888 yaƙi ya tare masa hanya. Sai da ya koma ya sake shiri sannan ya ci nasara.

A watan Disamba na 1961, lokacin da ƙasar ta sami mulkin kai, wani hafsan soja mai suna Alexander Nyirenda ya kai tuta da wutar 'yanci har can sama. Ana kiran ƙololuwar "Uhuru", wato 'yanci da harshen Suwahili.

Yau dubban mutane suna zuwa hawansa kowace shekara. Ba a buƙatar igiya ko rarrafe a jikin dutse. Tafiya ce da ƙafa, mai lafiya zai iya. Duk da haka da yawa suna juyowa ba su kai ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

ABIN DA KE JIRAN MUTUM A CAN

Abu uku ne suke kayar da mutane.

Na ɗaya, doguwar tafiya. Akwai hanyoyi da dama. Ta Marangu tana cin kwana 5 ko 6. Ta Machame kwana 6 ko 7. Ta Lemosho kwana 7 ko 8. Kullum za ka yi tafiyar awa 4 zuwa 7, ka yi zango, gari ya waye ka sake ɗaura ɗamara. Ranar ƙarshe ita ce mai wuya. Ana tashi daga zango da tsakar dare, a yi ta hawa cikin duhu har hantsi, sannan a juyo a yi ta gangarowa har yamma. Wannan rana kaɗai takan ci awa 12 zuwa 15.

Na biyu, sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da awo 6 ko fiye a ma'aunin zafi. Shi ya sa Jos, wadda take kan tudu mai tsawon mita 1,200, ta fi Kano sanyi. To a kan Kilimanjaro da dare, ruwan da ke cikin gorarka yana iya daskarewa ya zama ƙanƙara. Hunturunmu wasa ne a kan wannan.

Na uku, ƙarancin iska. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wani sinadari da ake kira oksijin. Shi ne jini yake ɗauka daga huhu ya raba wa jiki. Yadda wuta ba ta ci sai da iska, haka tsoka ba ta aiki sai da shi. Kana ƙara hawa, iska tana ƙara raguwa. A ƙololuwar Kilimanjaro, numfashi ɗaya yana ba ka kusan rabin oksijin da yake ba ka a bakin teku. Ɗaure igiyar takalmi ma sai ya sa ka haki.

ƘARFIN NOMA DABAN, NA HAWA DABAN

Mu mutanen karkara muna da rabo a nan. Mun saba da wahala, mun saba da rana, mun saba da kwana a tabarma. Wanda ya yi noman huɗa ya san juriya. Macen da take ɗauko ruwa daga rafi ta san nauyi.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Noma ya fi aiki da hannu da gadon baya, kuma idan ka kai ƙarshen kunya kana miƙewa ka huta. Tafiyar da muke yi zuwa kasuwa yawanci a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Ita ma ɗin ta ragu tun da babur ya shigo ƙauye. Saurayi yanzu ko gona zai je sai ya nemi ɗan acaɓa.

Hawa yana neman cinya da sha-raɓa masu ƙarfi, da zuciya da huhu waɗanda za su yi aiki awa bayan awa ba su gaza ba. Gangarowa kuma tana cin gwiwa. Waɗannan gaɓoɓi ba sa ƙarfi da fatar baki. Sai an horar da su, kuma a fili ake horar da su, a kan tudu da gangare irin wanda za a tarar a can.

KAFIN KA FARA, JE KA GA LIKITA

Rigakafi ya fi magani. Je asibiti a auna jininka, a saurari ƙirjinka. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mai ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, kada ɗayansu ya shirya irin wannan tafiya sai da yardar likita.

Akwai wani gwaji da ya shafe mu ƙwarai, wato gwajin sikila, ciwon da muke kira amosanin jini. Wanda yake da ciwon, wato mai jinin SS, bai kamata ya hau dogon dutse ba, domin ƙarancin iska yana tayar da ciwon. Akwai kuma masu jinin AS. Su lafiyarsu ƙalau, da yawa ma ba su san suna ɗauke da shi ba. Ana ƙiyasin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya haka yake. A can sama, wani lokaci jini yakan toshe wa mai AS a saifa, ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na cikinsa. Saboda haka ka san irin jininka, ka gaya wa likita inda za ka.

SHIRIN WATA UKU

An fi hawan Kilimanjaro a lokacin da babu ruwan sama a can, wato Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba. Wanda zai je a Janairu sai ya fara shiri a Oktoba. Wannan ya yi wa manomi daidai: ruwa ya ɗauke, aikin gona ya fara sauƙi, gari ya fara sanyi.

Wata na farko: gina tushe.

Ka riƙa fita sau 4 a mako. Ka yi tafiya mai sauri ta minti 30 zuwa 45. Ba gudu ba, ba kuma tafiyar zuwa zance ba. Ga yadda za ka auna: idan kana iya magana da abokin tafiyarka amma ba ka iya rera waƙa, saurinka ya yi daidai. Idan magana ta gagara, rage. Ranar da ba ka da aiki, ka tsawaita tafiyar ta kai awa ɗaya da rabi ko biyu.

Sau 2 a mako ka ƙara da atisayen ƙafa. Ga guda uku masu sauƙi:

1. Tsugunna ka tashi, bayanka a miƙe, dugaduganka a ƙasa. Yi sau 10, ka huta, ka maimaita har zagaye uku.

2. Nemi dakali ko kututture mai ƙarfi wanda bai kai tsawon gwiwarka ba. Hau da ƙafar dama, sauko. Hau da ta hagu, sauko. Yi sau 10 kowace ƙafa.

3. Tsaya ka yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ka sauka a hankali. Yi sau 20. Wannan na sha-raɓa ne da idon sawu.

Wata na biyu: tudu da kaya.

Yanzu ka nemi tudu. Mutanen Kano suna da Dala da Goron Dutse. Na Zariya suna da Kufena. Na Jos duwatsu sun yi musu yawa. Kowa dai ya duba wanda yake kusa da garinsu. Inda babu dutse, a nemi gangaren rafi, ko jikin madatsar ruwa idan an yarda, ko tulin yashi, ko matakalar bene. Ka hau, ka sauko, ka sake hawa. Fara da sau uku. Kowane mako ka ƙara ɗaya.

A wannan wata ne za ka fara goya jaka. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Zuba gorar lita uku a jaka, ka sami kilo uku ke nan. Duk mako ka ƙara lita ɗaya har ka kai kilo 7 ko 8. Kada ka wuce haka. A can dutsen ma abin da za ka goya bai fi wannan ba: ruwan sha, rigar sanyi, rigar ruwa da ɗan guzuri. Doguwar tafiyarka ta mako kuma ta kai awa 3 zuwa 4.

Kada ka raina gangarowa. Mutane da yawa suna hawa lafiya, sai wajen saukowa gwiwa ta ƙi. Ka riƙa gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ka bari gangare ya ja ka da gudu. Riƙe sanda. Makiyayi ya san amfaninta tun kafin Bature ya ƙera tasa ta ƙarfe.

Wata na uku: gwada kanka.

A nan za ka kwaikwayi ainihin tafiyar. Yau ka yi awa 5 ko 6 da jakarka. Gobe da safe, ƙafa tana tsami, ka sake yin awa 4. Yi haka sau biyu ko uku a cikin watan. Abin da dutse yake nema ke nan: ka tashi da gajiyar jiya ka ci gaba. Sau ɗaya kuma ku fita tun kafin asuba da tocila, ku da yawa, domin ku saba da tafiyar duhu da sanyin dare.

Mako na ƙarshe kafin tafiya, ka sassauta. 'Yar tafiya ta minti 30 ta isa. Ka ci, ka yi barci. Abin da ba ka samu a mako 11 ba, ba za ka same shi a kwana bakwai ba.

A duk wata ukun nan ka ware kwana ɗaya ko biyu na hutu kowane mako. A lokacin hutu ne tsoka take gyara kanta ta ƙara ƙarfi. Tsamin jiki ba kome ba ne. Amma ciwo mai suka a gwiwa, ko ciwon ƙirji, ko jiri, alama ce ta ka tsaya ka nemi ma'aikacin lafiya.

DOKOKIN FITA FILI

1. Fita da sassafe ko bayan la'asar. Kada ka yi atisaye da tsakar rana, musamman a bazara.

2. Kada ka tafi kai kaɗai. Ku zama biyu ko uku, ku gaya wa na gida inda kuka nufa da lokacin dawowa.

3. Dajin da aka san babu tsaro, a bar shi. Ku tambayi mai unguwa da maharba kafin ku shiga wurin da ba ku sani ba.

4. Kada ka zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse. Kububuwa da kunama nan ne gidansu.

5. Da damina dutse yana santsi. Idan hadari ya haɗu, sauka maza, domin tsawa ta fi faɗawa wuri mai tudu.

6. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa, rufe hanci da ƙyalle ko ka ɗaga fitar.

TAKALMI, RUWA DA ABINCI

Silifa ba ta hawan dutse. Nemi takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa, wanda ya kama idon sawu, ya kuma bar wa yatsu wuri. Ka saye shi tun wata na farko, ka yi duk atisayenka da shi. Sabon takalmi ranar tafiya bororo yake kawowa, bororo ɗaya kuwa ya isa ya zaunar da ƙato. Sa safa mai kauri, ka yanke farce.

Sha ruwa kafin ƙishirwa ta kama ka. Duba fitsarinka: idan ya yi ja, ruwa ya yi wa jiki kaɗan. A kan dutse ana son mutum ya sha lita 3 zuwa 4 kullum.

Abinci kuwa ba sai na kanti ba. Tuwo, fura da nono, wake, ƙwai, gyaɗa, zogale, duk suna gina jiki. Dabino, ƙuli-ƙuli da aya guzuri ne mai kyau a jaka. Mai shan taba ya sani huhunsa ne zai biya bashin a can sama. Ƙwayoyin ƙara ƙarfi da wasu samari suke sha wajen aiki kuwa, guba ne. Suna ɓoye gajiya, su bar zuciya da wahala.

CIWON DA BA YA TSORON MAI ƘARFI

Yanzu na zo kan magana mafi muhimmanci. Ku buɗe kunne.

Duk wannan horo zai ba ka ƙafa da numfashi da juriya. Amma ba zai hana ka kamuwa da ciwon tudu ba. Ciwo ne da ƙarancin iska yake kawowa, yakan fara daga wajen mita 2,500 zuwa sama. Alamunsa su ne ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, jiri da rashin barci. Ba ruwansa da ƙarfinka ko ƙuruciyarka. Sau da yawa ma ƙarfafan samari ne suke faɗawa, domin su ne masu rige-rige.

Ga misalai biyu. A watan Disamba na 2010, Martina Navratilova, wadda ta daɗe tana zakarar duniya a wasan tanis, ta je hawan Kilimanjaro. Ruwa ya taru a huhunta. Sai da aka sauko da ita a ɗauke, aka kwantar da ita a asibiti a Nairobi. A 2019 kuma wata tsohuwa 'yar Amurka, Anne Lorimor, ta kai ƙololuwar tana da shekara 89. Wannan ya isa ya nuna mana cewa ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum.

Me yake kai mutum? Lokaci. Jiki yana iya sabawa da ƙarancin iska idan an ba shi kwanaki. Numfashi yana ƙaruwa, jini yana gyara kansa. Shi ya sa likitocin da suka san harkar suka ce, idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a huta kwana ɗaya. Hanyoyin Kilimanjaro sun fi haka sauri. Don haka wanda ya zaɓi ta kwana 7 ko 8 ya fi wanda ya zaɓi ta kwana 5 dabara, ko da kuɗinta ya fi yawa. Masu jagora a can kalma ɗaya suke ta nanatawa: "pole pole", wato sannu sannu. Mu ma mun san sannu ba ta hana zuwa.

Idan alamun sun bayyana, ga doka. Kada ka ƙara hawa. Kada ka ɓoye wa ɗan jagora don jin kunya. Idan ka huta abin bai lafa ba, sauka. Idan kuwa mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali yana zaune, ko yana tari mai kumfa, to ƙwaƙwalwa ta kumbura ko ruwa ya shiga huhu. A sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Jira yana iya zama ajali. Akwai ƙwayar Diamox da take taimaka wa jiki ya saba, amma likita ne yake rubuta ta. Babban magani dai shi ne saukowa.

Juyowa ba abin kunya ba ne. Dutse yana nan, baɗi ma rana ce.

Doka a can ba ta yarda kowa ya hau ba tare da ɗan jagora mai lasin ba. Akwai kuma 'yan dako masu ɗaukar tanti da abinci. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne irinmu. An ƙayyade kada kayan baƙo da ɗan dako zai ɗauka su wuce kilo 20, wato nauyin jarka mai lita 20 cike da ruwa. Wanda Allah ya kai shi can, ya girmama su, ya sallame su da kyau.

MU DA BA ZA MU TANZANIYA BA FA?

Tafiyar tana da tsada, ba kowa zai iya ba. Amma muna da namu a gida. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi, mai mita 2,419. Yana Jihar Taraba, a kan iyaka da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda hedkwatarsa take Serti. Bai kai inda ciwon tudu yake tsanani ba, amma shi ma tafiyar kwanaki ce da hawa da sanyi, kuma sai da izinin hukumar gandun da ɗan jagora. Shirin da na bayyana shi ne dai shirinsa. Wanda ya gama da wannan, sai ya hangi Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000.

Wanda kuma ba shi da niyyar hawan kowane dutse, bai yi asarar zama a nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wato minti 30 sau biyar. Yin haka yana rage haɗarin hawan jini, ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, cututtukan da a da muke cewa na mutanen birni ne, yanzu kuwa sun shigo mana ƙauye. Da rani, lokacin da aikin gona ya ƙare, kada zaman majalisa ya cinye mu. Wata na farko na wannan shiri kowa zai iya yinsa, namiji da mace, kuma ba ya cin ko kwabo.

Saboda haka ina kira ga samarinmu. Ku haɗa kanku biyar-biyar ko goma-goma. Ku zaɓi tudun da ya fi kusa. Ku sami littafi ku riƙa rubuta ranar da kuka fita, da awa nawa kuka yi, da nauyin da kuka goya. Bayan wata uku ku duba shafin farko, ku gwada da na ƙarshe. Za ku ga bambanci da idonku. Ƙungiyar da ta yi haka ta rubuto mana, za mu buga labarinta.